Sau Tara Na Mutu

Sau tara na mutu a birnin Jakarta,
sau tara aka ba ni kuɗin mota.

Na farko a banɗaki, labule ya tsinke a hannuna.
Na biyu a rijiya.
Na ukun ya shige mini, sai dai an ce na yi kyau.

Ibu Ratmi ke haɗa jinin,
ruwan sukari da jan launi a tsohuwar roba.
Kafin la'asar tururuwa sun gano ni,
suna hawa wuyana a layi,
ni kuwa gawa ce, gawa ba ta susa.

"Ki gudu," in ji Pak Sugeng daga kan kujerarsa,
"in kin kai saiwa ta uku ki faɗi.
Ki waiwaya. Bari rigar ta zame kaɗan."
Ni da na ɗauki kofin tsere sau biyu a makarantarmu ta Klaten,
ƙafata ba ta san tuntuɓe ba
sai da aka koya mata gaban kyamara.

Ran nan na tambaye shi:
me zai kai ta ɗakin duhu ita kaɗai,
da kyandir, ba takalmi?
Ya ce, "Wulan, ba wanda ya sayi tikiti
don kallon mace mai hankali."

Mai saurayi ke fara mutuwa.
Mai dariya da ƙarfi ta bi bayanta.
Bara aka ƙara mini girma, na zama fatalwa:
gashi har gwiwa, farar riga, ba kalma ko ɗaya.
A nan ne kawai aka yarje wa mace ta yi fushi,
amma sai ta mutu tukuna.

Daren jiya ruwa ya shigo unguwarmu,
wuta ta ɗauke, wani abu na motsi a madafa.
Ƙanena Bagus ya ƙanƙame filo.
Na ɗauki tocila da muciya.
Maciji ne, ya naɗe a bayan buhun shinkafa.
Na gama da shi, na goya innata zuwa bene,
ruwa har cinya.
Ban yi ihu ba.
Ihu sana'a ce, ba na yin sa kyauta.

Gobe da asuba mutuwa ta goma.
Na roƙi Ibu Ratmi ta rage sukari.