Da Rarrafe Aka Auna Gidana

Ran Talata Misis Pugh ta iso,
laimarta na ɗiga, ruwan Caernarfon ba ya gajiya.
Ta ƙi shayi, ta tuɓe takalmi,
ta durƙusa a tsakar falona
ta kama rarrafe.

"Eirlys, sauko," ta ce,
"daga nan ƙasa yaro ke ganin duniya."

Na sauka, gwiwa na kuka kamar tsohon ƙyaure.
Shekara talatin da huɗu a gidan nan
ban san kusurwar tebur na da haƙori ba,
ban san soket na kallon mutum ido cikin ido ba,
ban san igiyar labule ta iya zarge ba.

Ta rubuta: ƙofa a bakin bene, sama da ƙasa.
Magani da omo su koma bayan kwaɗo.
Na'urar jin hayaƙi. Inshora.
Kududdufin kifayen Gethin kuwa,
ko shinge, ko su tashi.
Gethin ya yi shirun mai lissafin asara.

Har Baba, mai tamanin da ɗaya,
da barci ke sacewa kafin a gama labarai,
sai an bincika ko ya taɓa laifi.
Ya ce, "Na saci tuffa a lambun coci, ku rubuta."

Mako shida ina danna ƙirjin 'yar tsanar roba,
in ƙirga talatin, in hura mata numfashi,
ina roƙon kada ranar ta zo.

Na so in ce mata, uku na yi raino a ɗakin nan,
ba takarda, ba hatimi,
ga su can da gemu.
Sai dai nawa nawa ne.
Waɗannan amana ce ta bakwai da rabi na safe:
uwa ta miƙo min zuciyarta haɗe da robar madara
ta ruga kama bas.

A ƙarƙashin tebur, muna cikin rarrafen,
na ga abin da ban taɓa gani ba:
jirgin ruwa da jan fensir, da suna, Emyr,
harafin farko ya juya baya.
Misis Pugh ta haska tocila, ta daɗe.
"Wannan ba ya cikin takardata," ta ce.

Litinin yara huɗu za su zo.
Kifaye sun yi ƙaura gidan maƙwabci.
Na saka wa tebur roba a haƙora,
cikinsa kuwa ban goge ba,
akwai sauran fili gefen jirgin.