Cokali Ɗaya, Barau

Shekara ashirin da uku ina kan hanyar nan,
Bauchi zuwa Gombe, Gombe zuwa Bauchi.
Na san kowane rami da sunansa,
na san kukan inji in yana jin ƙishi,
amma cikina ban taɓa tambayarsa ba.

Mota, ba na ba ta gurɓataccen mai.
Ni kuwa, duk abin da aka miƙo ta taga:
burodi da shayi mai kauri kamar kunu,
lemon kwalba biyu kafin Alkaleri,
tsire da dare, ina tsintar mai kitse,
in yi barci a kujera da maiƙo a leɓe.

Sai wata Talata, muna gangaren Bara,
titi ya rabu biyu a idona.
Mutum goma sha huɗu a bayana,
wata tana shayar da jinjiri.
Na taka birki, na tsaya gindin darbejiya,
na ce musu taya nake dubawa.
Ba taya ba ce. Hannuna ke rawa.

Yarinyar da ta auna ni a asibiti
ba ta kai 'yata Hajo a haife ba.
Ta ɗaure min damtse, ta matsa, ta yi shiru,
ta soki yatsa, ta dubi lamba.
Ta ce, "Baba, jini ya hau, suga na biye da shi.
Kai ne kake tuƙa mutane?"

Na kai wa Ladidi takarda da magani.
Ba ta ce uffan ba.
Washegari ɗunƙulen miya biyar suka koma ɗaya,
daddawa ta dawo daga gudun hijira,
gishiri da yatsa biyu,
manja da cokali, ba da ludayi ba.
Na ɗanɗana, na ture kwano,
na ce, "Miyar nan ai ta mutu."
Ta ce, "Gara ita da kai."

A tasha na ce, "Cokali ɗaya, Barau."
Ya tsaya da gwangwanin suga a sama:
"In kuɗi ne babu, Gambo, sha ka biya gobe."
Direbobi suka gan ni da kwaɗon zogale,
suka ce a nemo igiya, na zama akuya.
Na yi dariya da su,
na ci gaba da tauna.

Yanzu in ka buɗe aljihun motata
za ka ga yalo, gwaiba, gyaɗa marau-marau,
da gorar ruwa a inda kwalba take da.
Ran Laraba wake da alayyafo.
Acca in wani ya zo daga Tafawa Ɓalewa.
Kifin Dadin Kowa a gasa, kar a soya.
Tuwo malmala ɗaya, da wuri,
ba sai dare ya raba ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba.
Ran sunan ɗan ƙanena a Jahun
aka fito da masa, tana tururi,
da miyar taushe, da ƙuli-ƙuli.
Takwas na ci.
Masar Bauchi ba a yi mata rantsuwa.
Na kwana da nauyi, na tashi da kunya,
na koma kan hanyata da safe.

Abin da ban zata ba shi ne harshe.
Wata huɗu da farawa
na ji dawa tana da zaƙinta,
na ji yakuwa, na ji kuɓewa,
na ji miyar Inna a ƙauyenmu na Kirfi,
wadda na ɗauka ta bi ta kabari.

Na ƙara huji biyu a bel ɗina.
Ina ruku'u ba tare da nishi ba.
Titin Bara ya koma ɗaya.

Jiya ban ce kome ba,
Barau ya zuba cokali ɗaya ya miƙo.
Ina hura kofi na hango shi
ya juya baya yana haɗa nasa.
Ya ɗebo na biyu,
ya dube shi,
ya mayar.