Tsatsar Gwaiduwa

Ƙarfe na tsatsa, kowa ya sani.
Gwaiduwa ma tana yi, a ɓoye,
ba ja, ba wari,
ba harshen da zai tona mata asiri.
Ni aka ɗauka in kamo ta,
a bene na biyu, ƙarshen baranda, a Cesena,
inda yayyafin Nuwamba ke lasar taga tun safe.

Gualtiero da kansa ya hauro da buhu uku,
garin ƙwai, rawaya shar.
Motarsa na jira a ƙofar masana'anta,
masu taliya na jira a Parma.
Ya ce, "Ornella, gobe da safe."
Na ce jibi.

Giram ɗaya na auna daga kowanne.
Na wanko kitsen da sinadari mai hawa kai,
na ɗiga masa ɗan rakiya wanda na san nauyinsa,
don in wani abu ya salwanta a hanya
in san nawa ne.
Sai ruwan toka mai kaifi, a mai da kitse sabulu.
Ba wuta.
A nan gizo ke saƙa:
in ka ɗora a wuta don sauri,
in ka bar haske ya leƙa, iska ta shaƙa,
kai ka haifi ɓarawon da kake bi,
ka kama shi kuma ka yi ta murna.
Awa goma sha takwas a duhu,
kwalba a naɗe kamar jariri.
Wai mai haƙuri kan dafa dutse.
Nawa haƙurin, kada in dafa komai.

A gida Iolanda, uwata, tana murza taliya.
Ta saki ƙwai cikin kofin ruwa.
"In ya nutse, ci. In ya taso, jefar.
Shekara nawa kika yi kina karanta wannan?"
Na ci kwano biyu ban amsa ba.

Washegari na raba sabulu da abin da ya ƙi zama sabulu,
na busar da iskar naitirojin, a hankali,
na tace, na yar da kolestarol mai lafiya,
na riƙe 'yan tsirarun da oksijin ya ciza.
Na sa musu rigar da za su iya tashi tururi,
allura ta tura su bututu siriri kamar gashi,
mita talatin a nannaɗe.
Kowa ya fito a lokacinsa,
kowa ya bar tsauninsa a allo.

Buhu na ɗaya, tudun tururuwa.
Na biyu haka.
Na uku ya miƙe tsaye
har na ajiye kofina.

Kaina na fara tuhuma.
Labulen nan, na ja shi kuwa?
Murfin, na ɗaure?
Na duba kwalbar da ban sa wa komai ba:
shafe take kamar tafin hannu.
Na sake daga farko, wani daren ya tafi.
Tsaunin bai rusuna ba.

"Gualtiero, buhu na uku, ina ya kwana?"
Shiru. Ina jin injin yana huci a bayansa.
"Jikin bangon tukunyar tururi.
Tun Fabrairu."

Motar ta tashi da rana, ba a cike ba.
Na wanke kwalabe, na kife su.
Cikin jakata akwai dafaffen ƙwai
na kazar Iolanda, mai ɗingishin nan.
Na fasa a gefen tebur,
na barbaɗa gishiri.
Wannan ban auna ba.