A Bar Mana Wannan

Daren shida ne, gobe suna.
Rago na ɗaure a gindin fiya yana tuƙa,
bai san da jininsa za a sa hannu ba.
Sanyi ya gangaro daga kan duwatsu,
ya shigo Gangare babu sallama,
ni ko ina zaune da biro da bayan kwalin shayi,
in rubuta suna, in kashe.

Ni Barau ne.
A firamare, in malam ya buɗe rajista,
kafin in amsa an lanƙwasa wa harafin kai,
an ɗaura masa jela:
Ɓarawo! Ɓarawo!
Fensirin kowa ya ɓace, aljihuna ake fara lalube.
Na je gida da majina, na ce a canja mini.

Goggo Tabawa na tsintar acca a faifai,
ko ɗagowa ba ta yi ba.
Ta ce, huɗu aka kai kafin kai,
kowanne a guntuwar tabarma, ba a nemi makara ba.
Da ka faɗo, ubanka ya kasa ko hamdala don tsoro,
ni na ɗaga ka na ce, a bar mana wannan.
Roƙo ne aka rataya maka,
duk wanda ya kira ka ya taya mu,
ko da tsiya ya yi kiran.

Daga ranar na sake kunne.
Tanko mai gyaran rediyo a Dilimi,
ashe mata uku suka share masa hanya.
Cindo, an ɗaure yatsan na shida da zare ya faɗi,
sunan ya ƙi faɗuwa.
Audi mai dankali a Farin Gada,
ramin kuza ya rufta da ubansa saura wata biyu ya iso,
shekara sittin yana amsa maraicinsa da "na'am."
Shekarau kuwa, da ya yi zamansa a ciki har aka gaji,
yau ma in kun yi alƙawarin azahar
ka tafi da abin sallar la'asar.

Maƙwabcina Nanle ya taɓa ce mini,
muna jiran layin famfo,
farkon sunansa Ubangiji ne a bakin kakanninsa.
Na ce, to, ashe duk ƙara ɗaya iyayenmu suka kai,
ƙofar shiga ce kowa da tasa.

Sunana na yanka Zakariya'u.
Yana nan a katin banki, fes, kamar rigar Sallah,
ban san ranar da wani ya kira shi na waiga ba.

Yanzu ga nawa ɗan.
Uwarsa ta tsinto wani a waya, mai daɗin faɗa,
na ce me yake nufi, ta ce za ta duba.
Surukina na ta gyaran murya tun shekaranjiya,
so yake a mayar da shi,
mu ƙare da sakaya yaro a Baffa saboda kunya.
Liman ya ce ko wanne ne, a zaɓi mai kyakkyawar ma'ana,
da shi za a kira shi ran tsayuwa.

Goggo ce babu.
Da ta dubi ranar, ta dubi sama,
ta dubi abin da gidan nan ya rasa da abin da ya samu,
ta yanka masa wanda zai zauna.

An ɗauke wuta. Na ji ya yi atishawa a ɗaka.
Na shiga da tocila, na tsaya a kansa.
Ba mu kai kowa ba kafin shi, alhamdu lillahi,
babu dalilin roƙo.
Duk da haka na sunkuya,
inda huɗuba ta shiga nan na sa bakina,
a hankali, kada uwarsa ta ji:
a bar mana wannan ma.