Kunnen Farko

Rumfata na bakin Ƙofar Ƙaura:
tebur ɗaya, kwamfuta mai tsagaggen gilashi,
wayoyi ashirin suna shan caji
kamar 'yan awaki a bakin komi.
Sana'ata tura waƙa.
Ka miƙo memori, ka miƙo naira ɗari,
in ɗura masa har sai ya yi gyatsa.

Kowa ya zo, sunan manya yake kira.
Ni kuwa ina da wata jaka a ƙuryar kwamfuta,
na raɗa mata "Ba Su Fito Ba Tukuna".

Rabe na ciki, mai faci a hanyar Jibiya.
Gurminsa shi ya haɗa da hannunsa,
tsarkiyar ma wayar burkin babur ce.
Yakan kaɗa bayan la'asar, in babu tayar da ta sace.
Waƙarsa ɗaya tak, ta bashin taki:
buhu biyu ya ci da damina,
gero ya ƙi, mai bashi bai ƙi ba.
A tsakiya za ka ji injin iska ya tashi.
Bai tsaya ba,
ɗaga murya ya yi ya haye shi.

Akwai Hurera ta Rafin Daɗi, mai koyon aikin jinya.
Ta kifa ƙwarya a baho, ƙanwarta na buga shantu,
suka ɗauka da waya a ɗakin girki, ƙofa a rufe.
Ba ta taɓo soyayya ba. Aikin dare ta waƙe,
da ledar ƙarin ruwa mai ɗiga ɗis, ɗis,
da tsohuwar da ta riƙe mata yatsa har asuba.
Da ta kawo, ta ce: "Kada ka sa sunana,
rubuta Gado Na Tara."

Sai Mannir da Abashe na Sabuwar Unguwa,
situdiyo ɗaki ɗaya, bango liƙe da kwalin ƙwai,
fiyano ta aro, janareto mai tari.
Su 'yan zamani ne, murya a wanke da na'ura.
Amma ran da mai ya ƙare a tsakiyar baiti
Abashe ya ci gaba da baki kawai, yana dukan cinya,
Mannir ya tara masa waya.
Ashe ba a san mawaƙi ba sai mai ya ƙare.
Wannan na ajiye. Wankakkiyar na bar musu.

Ban ce duka gwanaye ne ba.
Wani yaro ya kawo mini goma sha huɗu,
kiɗa ɗaya, kuka ɗaya, sunan yarinyar kawai ke canjawa.
Na ce ya je ya zauna kusa da Rabe sati guda.
Ya fita da fushi.
Jiya na hango shi can a tsugune,
yana tsoma tiyub a ruwa, yana neman huji.

Ga laifina, in laifi ne:
in direban Mashi ya ce a cika masa na manya,
nakan soka ɗaya daga jakata,
tsakanin ta bakwai da ta tara,
yadda uwa ke ɓoye magani a cikin loma.

Da yawa ba sa lura.
Wasu su dawo da faɗa.
Amma ran Laraba wani mai tifa, Sada,
ya bar mota a kunne, ya tsallako titi,
ya ce: "Kai, wane ne mai gurmin nan?
Tun daga Ɗankama nake maimaita ta.
Ni ma buhu biyu ne a kaina."

Na nuna masa hanyar Jibiya da haɓa.
Na ce: wuce gidan mai na biyu, ƙarƙashin bedi.
In ka ishe shi da taya a hannu, ka jira.

Ya tafi. Aka ɗauke wuta.
Na zauna cikin wayoyi ashirin da suka yi tsit,
ina jin garin yana tafasa ƙasa-ƙasa
kamar tukunyar da ba a buɗe ba tukuna.