Tambaya Ta Goma Sha Bakwai

Sun ba ni takardu arba'in da biro biyu,
da jaka uku kuɗin babur,
suka ce in bi Rumde Ajiya gida-gida
kafin ruwan Agusta ya cinye hanya.
Kowace tambaya da 'yan akwatunanta:
e, a'a, ban sani ba.
Can Yawunde ake jiran lambobin,
a ɗaki mai sanyi da bai san ƙaurin kifi ba.

Gida na tara, gidan Tasalla.
Na same ta tsugune gaban banda
tana juya tarwaɗar Lagdo da tsinke,
hayaƙi ya mai da idanunta garwashi.
Da ƙafa ta turo mini kujera.
"Yi tambayarki, 'yar nan,
hannuna ke aiki, kunnena zaune yake."

Shekarunki nawa?
"An haife ni shekarar da Binuwai ya kwana a kasuwarmu."
Akwati ba ya cin labari.
Na dubi wuyanta, na rubuta talatin da huɗu.

Haihuwa nawa? Takwas.
Masu rai?
Ta ajiye tsinken.
"Biyar ke cin tuwo.
Uku sun riga mu, amma duk na goya su.
Ina za ki sa Yalwa?
Kwananta goma sha ɗaya,
an raɗa mata suna, rago ya faɗi dominta."

Ta goma sha bakwai:
'ya'ya nawa kike so a ce kin haifa?
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
"Wa ke ƙirga wa Mai Bayarwa kyautarsa?
Sai dai ƙuguna ya iya lissafi,
shi bai je makaranta ba, bai kuma taɓa ɓata ba."

Ta gaba: wa ke yanke shawara,
ke, ko maigida, ko ku biyu?

"Daren haihuwar auta jini ya ɓalle mini.
Ɗanjimma ya ɗaure ni a bayansa da zane
kamar jinjira, ya tayar da babur,
yana kiran sunana duk ramin da muka faɗa,
sunan da bai taɓa kira a gaban mutane ba.
Da aka sallamo ni
na tsinci katin asibiti ƙarƙashin kwanon tuwonsa.
Bai ce ba, ban ce ba.
Ran Talata na je aka yi mini allura.
Yanzu duk wata uku
yakan bar ɗari biyar a bakin taga,
wai kuɗin sabulu.
To ke mai boko, wa ya yanke?"

Biro ya tsaya a sama
kamar shirwa da ta rasa ɗan tsako.
Akwati uku, ba wanda ya kai faɗin tagar.

Na miƙe zan tafi, ta riƙo damtsena na hagu.
Babban yatsanta, mai gane ƙaya cikin tsoka,
ya sauka daidai kan ashanar da ke kwance a fatata,
wadda na ɓoye wa dogon hannun riga,
na ɓoye wa surukata mai ƙirga watanni da carbi.

"Naki ya sani?"

Na ji bakina ya zaɓi akwati na uku.

Ba ta ƙara ba.
Ta zaɓo kifi biyu masu zafi,
ta rasa takardar naɗi, ta ɗora a kan nawa.
"Ki ci ɗaya, ki kai masa ɗaya.
Magana ta fi saurin fita in baki da maiƙo."

Jibi takardun za su hau mota zuwa kudu.
Wani zai buɗe ta tara, ya ɓata fuska:
mai ya jiƙe tambaya ta goma sha bakwai,
takardar ta zama garau kamar gilashi,
har ana hango ta bayanta.