Harshen Ƙarfe

Labbo mai walda, bayan tashar Jega,
ya juya zanen da na yi masa a bayan takardar kuɗin wuta,
ya ce, "Wanga shebur na, ko faranti mai wutsiya?"
Na ce, na ɗaukar fiza ne.
Ya ce, "Ɗiyar wa ce?"
Dariya ta sa ya ajiye baƙin tabarau.

Daga cikin mushen firji ya yanko shi,
ya wasa bakin har ya koma kamar farce,
ya sa masa ƙotar marke, kamu uku,
ya ƙi karɓar kuɗi sai ya ɗanɗana.

Luba ce ta kawo mana kwaɗayin daga makaranta.
Ni na gina tanderu a kusurwar gida,
jar ƙasa, fasassun kwalabe, bulo goma sha tara.
Ranar farko na shimfiɗa kwaɓin a kan ƙarfe,
na tsaya ina yi masa kwalliya kamar ba gobe:
tumatir, albasar Aliero, cuku,
kilishi da na marmasa da yatsa.
Na kai bakin wuta, na tura.
Kaya suka tafi, kwaɓi ya zauna.
Na sake turawa, ya naɗe kamar tsumman goge tukunya.
Albasa ta ƙone ita kaɗai a ciki,
muka ci tuwon jiya.

Rana ta biyu haka. Ta uku, kaji suka gode.

Inna Kulu tana kan tabarma duk kwanakin nan,
ba ta ce uffan ba, sai jan carbi.
Ran nan ta ce, "Miƙo."
Ta shafa fuskar ƙarfen da bayan hannu,
ta ce, "Gumi shikai. Ƙarfe bai da haƙurin ice."
Ta aiki Luba ta ɗebo tsakin shinkafa,
ta watsa kamar mai kiran tattabaru,
ta ɗora kwaɓi, ta girgiza kaɗan,
muka ji shi yana raɗa, shuu, shuu.
"In ya yi shiru, ya kama. Kada ka bari shi yi shiru."

Sai ta duƙa.
Hannun da ya yi shekara hamsin yana bakace
ya tuna abin da gwiwa ta manta:
gaba kaɗan, fizga baya,
fiza ta sauka a kan dutse ba ko tanƙwara,
harshen ƙarfe ya fito fes, bai saci komai ba.

Gefe ya kumbura, ya yi ɗigon baƙi irin na zabo.
Ta zura bakin nan siriri ƙarƙashi,
ta juya ta, ɓarin da bai ga wuta ba ya gani.

Na ce, Inna, ina kika koya?
Ta ce, "Faifai ne, ƙota kawai kuka ƙara mai."

Da muka yanka ba ta karɓi tsakiya ba.
"Gurasa ce ta ci ado," in ji ta,
ta ɓantari gefen da ya fi ƙuna,
ta tsoma a shayi.

Rabon Labbo yana cikin samira.
Ni kuma tun asuba ina tsakar gida
da faifai da tsaki, ina koyon bakace,
maƙwabta suna leƙe ta katanga.